GYARA KAYANKA BA SAUKE MU RABA BA NE



Yabon gwani ya zama dole, saboda haka da shi za mu fara. 'Yan wasanmu na ƙwallon kwando sun ci baƙinsu a wasan da aka yi a filinmu kwanan baya, mun kuwa yi murna kamar yadda kowa ya yi. Mun kaɗa jarkoki da kwanonin cin abinci, mun ɗaga kyaftin a kafaɗa, mun raka 'yan wasa har ƙofar ɗakin kwanansu. Samarin nan ba albashi ake biyansu ba. Laccar da muke shiga ita suke shiga, jarrabawar da ke hana mu barci ita ke hana su, sa'an nan da la'asar, sa'ad da muke miƙe ƙafa muna hutawa, su kuma su tafi su yi ta tsere a kan siminti mai zafi domin su fid da mu kunya. Allah ya saka musu da alheri.

To, amma tun ba a gama watsewa ba gardama ta ɓarke a teburin mai shayi, har yau kuwa ba ta mutu ba. Waɗansu daga cikin magoya baya suka ce, "Yau dai mun ci, amma in da irin wannan wasa za mu shiga gasa, to, mu shirya dawowa da wuri." Nan take aka yi musu ca. Aka kira su 'yan baƙin ciki, aka ce hassada ce ke cin su, har wani ya tambayi ɗayansu, "Kai malam, ko sau ɗaya ka taɓa jefa ƙwallo ta shiga?" Mu dai a wannan shafi muna tare da waɗanda aka yi wa ca ɗin, kuma za mu faɗi dalilinmu, domin muna ganin ba ranar da ta fi dacewa a duba aibin ƙungiya kamar ranar da ta yi nasara.

Bari mu fara da abin da idanunmu suka gani. Aibi na farko shi ne jifan daga kai sai kwando, watau jifan da alƙalin wasa ke ba wanda aka yi wa ƙeta. A duk cikin wasan nan babu jifa mai sauƙi kamarsa. Mutum zai tsaya a kan layi, mita 4.6 daga allo, kwando yana nan inda yake kullum a tsayin mita 3.05, ba mai tare shi, ba mai ture shi, agogo ma a tsaye yake. Amma duk da haka 'yan wasanmu sun yi ta ɓarar da shi, har ta kai ga in an busa usur an ba mu jifa, sai ka ji filin ya yi tsit, ba don girmamawa ba, don fargaba. Wannan jifa ba ya bukatar tsawo ko ƙarfi ko baiwa ta musamman. Maimaici kawai yake so. Ƙungiyar da ke ɓarar da shi tana shaida wa duniya cewa ba ta maimaita shi a wurin horo.

Na biyu shi ne sakaci da ƙwallo. Sau nawa muka ga ɗan wasa ya hango abokinsa a tsaye shi kaɗai a gindin kwando, amma ya ƙi miƙa masa, ya gwammace ya kutsa cikin mutum uku don 'yan kallo su kira sunansa? Sau nawa aka yi miƙa ta bayan baya, ko ba tare da dubawa ba, ƙwallo ta faɗa hannun baƙo? Doka ta ba kowace ƙungiya daƙiƙa 24 ta shirya harinta. Mu kuwa sau da yawa ba ma cinye rabinsu, sai wani ya cilla daga nesa, in ta shiga a yi tafi, in ba ta shiga ba a ruga baya.

Na uku shi ne gajiya. Wasa kashi huɗu ne, kowane kashi minti 10. A kashi biyu na farko 'yan wasanmu kamar barewa suke. Da aka shiga na huɗu sai muka ga hannaye a kan gwiwa, ba mai komawa tsaro da gudu, ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo kuwa baƙi ke cafe ta sau biyu sau uku a jere. Ratar da muka tara da farko ta yi ta narkewa, har muka koma muna duban agogo muna addu'a ya cika. Mai horarwa ya waiwaya benci, bai ga wanda zai amince wa ba, sai ya bar mutum biyar ɗin nan suka ƙarasa da kyar.

Mai karatu zai ce, to, da duk wannan yaya aka yi muka ci? Amsar ba ta da wuya. Muna da dogaye biyu waɗanda suka fi kowa a cikin baƙin tsawo, baƙin kuma a ranar suka sauka daga mota bayan doguwar tafiya. Tsawo kyautar Allah ce, gajiyar baƙo kuwa sa'a ce. Ba ɗaya daga cikinsu da za mu ce mu muka shuka shi.

Mu da muka tashi a ƙasar Gumel mun san wani abu daga kasuwar Maigatari. Ran Alhamis, in aka jawo sa mai ƙiba da sheƙi a kara, dillali zai yi ta zuba masa kirari, aikinsa ke nan, ba a kuwa zarginsa. Amma wanda zai fid da kuɗinsa ba ya sauraron kirari. Sai ya buɗe bakin san ya dubi haƙora, ya ɗaga ƙafa ya dubi kofato, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Ba wanda ya taɓa cewa mai sayen nan maƙiyin san ne. Shi ne ma zai kai shi gida ya ci da shi. Abin tambaya a nan, mu magoya baya dillalai ne ko masu saye?

Domin kada a ce tsoron banza muke ji, bari mu kawo labarin wata ƙungiyar jami'a wadda ta fi tamu nesa ba kusa ba, wadda kuma ɗan ƙasarmu ne ginshiƙinta. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, bai kama ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Ya tafi Jami'ar Houston a jihar Teksas ta Amurka, inda ya haɗu da su Clyde Drexler a ƙarƙashin mai horarwa Guy Lewis. A kakar 1983 babu ƙungiyar jami'a da ake tsoro kamarsu. Sun ci wasa 26 a jere. Salonsu shi ne gudu da tsalle da dankara ƙwallo cikin kwando daga sama, har aka yi musu laƙabi da wannan dankarawa. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka suka gamu da Louisville, suka ci ta 94 da 81, a wani wasa da har yau ake labarin tsalle-tsallensa. Kusan kowa ya ɗauka an gama, kofi ya zama nasu, wasan ƙarshe cika sharaɗi ne kawai.

Amma ƙungiyar nan tana da wani rauni wanda ba ɓoyayye ba ne, sai dai nasara ta lulluɓe shi: ba su iya jifan daga kai sai kwando ba. Muddin suna cin mutane da rata mai yawa, wa zai damu? Wanda ya damu shi ne Jim Valvano, mai horar da Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, ƙungiyar da aka ci sau 10 a wannan kakar, wadda ba a ba ta ko kwabo ba. Ran 4 ga Afrilu 1983 suka haɗu a birnin Albuquerque. Bayan hutun rabin lokaci Houston ta farfaɗo ta wuce gaba da 42 da 35. Sai mai horar da su ya sa aka rage gudu don a cinye lokaci, shi kuwa Valvano ya umarci yaransa su riƙa yin ƙeta da gangan, domin su tura 'yan Houston kan layin nan da suke tsoro. Dabarar ta ci. A wasan duka Houston ta sami jifa 19, guda 10 kaɗai suka shiga. Saura kamar minti ɗaya, ana kunnen doki 52 da 52, ɗan wasansu ya tsaya a kan layi ya ɓarar. A daƙiƙar ƙarshe Dereck Whittenburg ya cilla daga nesa, ƙwallo ta gaza kaiwa, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara. Aka tashi 54 da 52.

A lura da kyau. Olajuwon ya ci maki 20 a daren nan, har shi aka zaɓa gwarzon gasar alhali ƙungiyarsa ce aka ci. Ba rashin gwani ne ya kā da su ba. Jifa 9 suka ɓarar, maki 2 aka ci su da shi. Da a cikin watannin da ake ta yi musu tafi an sami wanda ya tsare su a kan layi kowace safiya, da labarin ya sāke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, abokin gaba mai hankali kuwa tsagar yake nema, ba ruwansa da kyan fentin bangon.

Ba sai mun tsaya a 1983 ba. Ran 10 ga Yuli 2021, a birnin Las Vegas, ƙungiyar ƙasarmu ta D'Tigers ta ci Amurka 90 da 87 a wasan share fage, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Waɗanda suka tuna yadda Amurkan nan ta yi mana 156 da 73 a Landan a 2012 sun san daɗin wannan rana. Amma a wasan mun jefa ƙwallo 20 daga bayan layin maki uku, irin ranar da hannu ke yin zafi ke nan, ba kullum ake samunta ba. Kwana uku bayan haka Ostareliya ta yi mana 108 da 69. Da aka je gasar Olamfik a Tokiyo, Ostareliya ta sāke cin mu, Jamus ta ci mu, Italiya ta ci mu, muka dawo gida ba nasara ko ɗaya. Amurkan da muka ci kuwa ta koma ta duba kurakuranta, ita ce ta ɗauki zinariya. Wanda aka ci dole ta sa shi bincike. Wanda ya ci, in bai yi hankali ba, tafi ne zai toshe masa kunne.

Mun san abin da 'yan'uwanmu na ɗaya ɓangaren za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Za su ce yaran nan sa kai suka yi, in kuka dame su da sūka gwiwarsu za ta yi sanyi su bar wasan, ku da ba ku iya ba sai ku shiga ku buga. Gaskiya ne akwai sūkar da ke kashe zuciya. Wanda ya tsaya a bakin fili yana kiran sunan yaro yana aibata shi, ko ya bi shi har zauren cin abinci da gori, ba gyara yake yi ba, kuma ba mu tare da shi. Gyara yana da ladabinsa. A kan aiki ake yinsa, ba a kan mutum ba. A ce jifa ya ɓaci, kada a ce wane ba shi da amfani. A faɗa wa mai horarwa da kyaftin, a wurin da ya dace, bayan an yi godiya. Wanda kuma ya kawo kuka ya zo da hannunsa a shirye don taimako. Amma cewa sai wanda ya iya jefa ƙwallo ne zai yi magana, wannan ba hujja ba ce. Ba sai mace ta iya saƙa ba kafin ta gane zane ya yage.

Ranar nasara ta fi dacewa da gyara saboda a ranar zukata a buɗe suke. Wanda aka ci yana cike da haushi, ko me ka faɗa masa zai ji kamar dariya kake yi masa, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Wanda ya ci kuwa ba abin da zai kāre, yana iya sauraro da murmushi. Bugu da ƙari, yanzu akwai sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai in za mu yi adalci, laifin bai tsaya a kan 'yan wasa da mai horar da su ba. Aibobin nan uku tushensu ɗaya, watau makara. Mu tambayi kanmu, mu 'yan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mu nawa ne muka taɓa riƙe ƙwallon kwando kafin mu zo nan? Yawancinmu da ƙwallon ƙafa muka tashi, da langa da kokawa a dandali. Ƙasarmu ba ta rasa dogayen samari masu ƙashi da jimiri ba, duk wanda ya ga yaran da ke bin shanu tun safe har yamma ya san haka. Amma saurayin da ya fara koyon jifa yana da shekara 20, a tsakanin lacca da lacca, yaya za a yi ya kamo wanda hannunsa ya saba tun yana ɗan 12? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bencinmu ba kowa saboda rijiyar da muke ɗiba ba ta da zurfi.

Zariya ta nuna mana cewa abin yana yiwuwa a Arewa. Shekaru da dama filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, a hannun mai horarwa Oliver Johnson, ya zama makaranta ga yaran Samaru da kewaye, ba ga ɗaliban jami'a kaɗai ba. Cikin yaran da suka taso a Zariya suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada har ta ɗauki kofin NBA a 2019. Sirrin bai wuce fili a buɗe, da malami mai haƙuri, da yaro da aka kama da wuri ba. Shi kansa Olajuwon, ko da yake ya makara, bai tsaya jin daɗin tafi ba. Lokacin hutu yakan je ya kara da Moses Malone, wanda ya fi shi ƙarfi da gogewa, ya sha wuya a hannunsa, har ya zama gwanin da ya ɗauki kofin NBA a 1994 da 1995. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Saboda haka ga rokonmu. Ga 'yan wasa da mai horarwa, kada a tashi daga horo sai kowa ya tsaya a kan layi ya yi jifansa, a lokacin da ya gaji liƙis, domin a gajiye ake yinsa ranar wasa. A sami littafi a riƙa rubuta na kowa, wanda ya shiga da wanda ya ɓace. A riƙa gudun safe bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. A riƙa sa 'yan benci a wasannin sada zumunci ko da za a ci mu, gara a ci mu yau da a ci mu ranar gasa.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai, muna roƙon sakataren wasanni ya kira zama tsakanin 'yan wasa da magoya baya, a yi magana ido da ido maimakon a teburin mai shayi. A cikinmu akwai masu karatun lissafi da ƙididdiga. Mutum biyu da takarda da fensir a bakin fili sun isa su rubuta jifa nawa aka ɓarar, ƙwallo nawa aka zubar, wa ya cafe, wa ya bari. In alƙalami ya yi magana, gardama ta ƙare, ba kuma wanda zai ce hassada ce. A kuma farfaɗo da gasa tsakanin ɗakunan kwana da tsakanin sassa, maza da mata, don a tono waɗanda ke ɓoye. Kada a manta 'yan matanmu na D'Tigress ne suka kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Faris a 2024, matsayin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa kaiwa ba.

Ga yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda ke ofisoshin ilmi da na ƙananan hukumomi, da malaman makaranta, aikinku ya fi na kowa. Wannan wasa ba ya cin fili. Cikakken filinsa mita 28 ne da 15, akwai kuma na 'yan uku-uku wanda kwando ɗaya ya ishe shi, har an shigar da shi Olamfik. Turke ɗaya, allon da kafinta zai yi, zoben da mai walda zai lanƙwasa, da ɗan daɓen siminti, shi ke nan an kafa. Gumel kuwa gari ne na horon malamai tun 1976 da aka buɗe babbar kwalejin horon malamai, wadda yanzu ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. In kowane malami da ya fito daga can ya tafi ƙauyen da aka tura shi da sanin dokokin wasan nan da ƙwallo ɗaya a jakarsa, cikin 'yan shekaru mai horar da mu zai waiwaya benci ya rasa wanda zai bari.

Daga ƙarshe, maganar nan ta wuce ƙwallo. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi muna rubuta rahoto. In tun muna ɗalibai muka saba cewa duk wanda ya nuna ɓaraka ranar biki maƙiyi ne, to, haka za mu yi in an buɗe asibiti ba magani, ko an ƙaddamar da rijiyar burtsatse wadda za ta ƙafe bayan wata biyu. Za mu yi tafi, mu rubuta cewa kome ya tafi daidai, mu kira mai faɗin gaskiya ɗan baƙin ciki. Filin wasa wuri ne mai arha na koyon jin gyara, domin abin da za a rasa a can bai wuce kofi ba.

'Yan wasanmu, mun gode, kun faranta mana rai. Gyara kayanka dai ba sauke mu raba ba ne. Za ku same mu a bakin fili ranar horo da takarda da fensir, ranar wasa kuma da jarkokinmu. Allah ya ba mu sa'a, amin.